Kwalbar Gawayin da Ba a Buɗe Ba

Litinin, 3 ga wata, biyar da rabi na yamma

Ba a taɓa buɗe kwalbar gawayin ba. Na rubuta ne don in gani a takarda, ko Allah zai sa ya zama ƙarya.

Ina share kantar sama a lab, ɗakin gwaje-gwajenmu na jami'a, da rana hannuna ya taɓo ta can baya. Garin gawayi, sabuwa fil, ledar bakinta ko ƙwarzane babu. A jikinta ga rubutuna, ranar da ta iso: kwana biyu kafin ranar wayar, ranar da ciwo ya kayar da uwar yara. Tsohuwar kuwa ni na jefar da ita a makon, na tuna sarai don har mita na yi ta ƙare. To da me na wanke homon ɗin Mai Agogo?

Ban wanke ba ke nan.

Shekara ashirin da shida ina wannan lab. Ni ne mai yi wa ɗalibai tsawa in sun bar murfi a buɗe. Mai Agogo ɗalibar digiri na uku ce, ni na laƙaba mata sunan saboda agogon ƙidayar daƙiƙa da ba ya barin wuyanta. Shekara huɗu tana kan abu ɗaya. Abin da aka koya mana shi ne, homon, sinadarin da ke kai saƙo a jiki, irin firojestaron, yana ratsa fatar sel, wato ƙwayar halitta, ya shige har ɗakin tsakiya ya ba da saƙo, sai bayan awanni a ga aiki. Ita kuma ta ga sel ɗin gidan ƙwan saniya suna amsawa cikin daƙiƙa talatin. Ba abin da zai je ɗakin tsakiya ya dawo a daƙiƙa talatin. Ta ce to akwai mai karɓar saƙo a jikin fatar kanta, a bakin ƙofa. Don a tabbatar, sai a ɗaure homon a jikin wani ƙaton furotin da ba zai iya shiga ba, kamar ka ɗaura wa mutum katifa a baya ka ce ya bi ta taga. In sel ya amsa duk da haka, to a ƙofa aka ji. Sai dai kullum akwai 'yan homon da ke kwancewa, su kuwa shigewa suke yi abinsu. Gawayi ke tsotse su. Aikin awa ɗaya ne, kuma nawa ne.

Babi na huɗu na kundinta kaf a kan wannan homon yake. Ran ashirin da takwas za ta kare kundin.

Talata, 4, bakwai na safe

Yau zan gaya mata.

Talata, shida na yamma

Ban gaya mata ba. Uwar yara ta sha rabin kofin shayi da kanta, da hannun hagu. Alhamdulillah.

Laraba, 5, sha ɗaya na safe

Na je mayanka da sassafe kamar kullum, da fulas ɗina na ruwan gishiri mai ɗumi. Dogo mahauci ya hango ni tun daga ƙofa. "Likitan ƙwai! Yau soyawa za ku yi ko dafawa?" Shekara ashirin yana wannan wasan, shekara ashirin ina ce masa sai ya zo ya ɗanɗana. Yau bakina bai ɗauko ba. Ya dube ni, ya goge hannu a gaban riga, ya ce, "Ya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "To kai kuma fa?" Na ce mura ce.

Ya zaɓo min gidan ƙwai sha biyu masu kyau, masu 'yan ƙululun ruwa a jiki, ya jefa a fulas da zafinsu. Mutumin nan bai taɓa tambayar ladan wahalarsa ba. Allah ya saka masa.

A mota na yi ta bin ranar wayar daki-daki. Na auna homon. Na zuba a bututu. Na miƙa hannu sama zan ɗauko gawayi, waya ta yi ƙara, 'yata Auta ce, wai uwarta ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Ko safar hannu ban cire ba, da ita na shiga mota. Kwana tara ban taka lab ba. Da na dawo na tarar wani ya ajiye min bututun a firij. Na ga rubutuna a jiki, na ɗauka na gama, na ƙara kalma ɗaya: wankakke.

Sauran abin da ya faru a kwana taran ba na nan ba ne.

Alhamis, 6, bakwai na yamma

Kai, yarinyar nan za ta kashe ni. Ta shigo da murna tana ɓoye takarda a bayanta. "Baba, rufe ido." Na ce ni ba sa'anki ba ne. Shafin godiya ne na kundin. Bayan iyayenta da Farfesa mai duba aikinta sai ni: wai wanda hannunsa bai taɓa kuskure ba. Na ce ta cire, ƙarya ce. Ta yi dariya ta ce kunya nake ji.

Da na dawo gida Auta ta tafi gidan mijinta, ta bar mana abinci a rufe. Na ja kujera kusa da taga inda uwar yara ke zama yanzu. Matar da in ta fara zance rediyo ma haƙura yake yi. Na kwashe komai na gaya mata, har da furotin da gawayin, ban san nawa ta bi ba. Na ce mata in na buɗe kwalbar na zubar da cokali biyu a bola, shi ke nan, ba mai sani har abada. Ta daɗe tana kallona, bakinta yana motsi. Na jira, likita ya ce kada mu riƙa ƙarasa mata.

"Gaya mata."

Kalma biyu a jere. Rabon da ta haɗa biyu tun kafin ranar. Na rasa murna zan yi ko me.

Juma'a, 7, huɗu na yamma

Na gaya mata. Na jira sauran suka fita, na ɗora kwalbar a kan bencinta.

Ta karanta ranar da ke jiki. Ta shafa ledar da yatsa. Yarinyar tana da kai, ban ƙarasa ba ta gane.

"Baba, ka tabbata?"

"Na tabbata."

"Wa ya sani?"

"Ni da ke."

Ta zauna. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta bushe haka a gabana ba, sai sau ɗaya, kuma ba zan rubuta wannan ba. Ta ce, "Tun yaushe ka sani?" Na ce tun Litinin. Nan ne ta ɗaga murya. "Kwana huɗu! Baba, kwana ashirin da biyar gare ni, ka cinye min huɗu!" Gaskiyarta. Ta fita ta bar jakarta da wayarta.

Na kai mata jakar wurin mai gadi. Ni dai na ji sauƙi a ƙirjina, kuma na ji kunyar jin sauƙin.

Asabar, 8

Ba ta kira ba.

Lahadi, 9, biyar na yamma

Ba ta kira ba. Na yanke wa uwar yara farce. Mijin Auta ya zo ya gyara mana famfon banɗaki ba wanda ya roƙe shi. Yaron kirki ne, na daina cewa yana da surutu.

Litinin, 10, uku na yamma

Ƙarfe bakwai na tarar da ita a ƙofar lab, idanu sun kumbura. Ta gaishe ni har da rusunawa kamar kullum, ta ce, "Baba, taso mu je wurin Farfesa."

Farfesa tana ɓare lemo. Na fara bayani a tsaye, ta ce, "Malam, zauna, tsayuwarka na sa ni ciwon wuya." Na zauna na faɗi komai. Na shirya wa wankin babban bargo, har takardar ajiye aiki na rubuto tana aljihuna. Ta cinye ɓari biyu. Sannan ta ce, "Nawa ya rage a bututun?"

Na ce ya isa gwaji biyu. Sabo kuwa sai wata biyu ya iso.

Mai Agogo ta tambaya ko za a ɗaga ranar. Ba za a iya ba. Wa'adin karatunta yana ƙarewa ƙarshen watan nan, sau biyu ana ƙara mata, ba na uku. Farfesa ta ce za ta rubuta wa baƙon farfesan da zai zo jarrabawar, ta gaya masa akwai gyara a babi na huɗu. Mu wanke homon, mu maimaita. In sel sun amsa, kundi ya tsaya. In ba su amsa ba, babin ya faɗi, sauran kuma ba su kai digiri ba. Haka ta faɗe shi gatsau.

Za mu fita ta ce, "Malam, takardar da ke leƙowa daga aljihunka, in abin da nake zato ce, ka nannaɗe ɓawon lemon nan da ita ka zubar min."

Na buɗe kwalbar ƙarfe goma da kwata. Mai Agogo tana tsaye a kaina, ita ta rubuta lokacin. Na wanke, na tace sau biyu.

Talata, 11, sha biyu na rana

Muna son gidan ƙwai na ƙananan shanu marasa ciki, kuma su iso lab cikin awa ɗaya. Na gaya wa Dogo, ban ce masa don me ba. Ya ce, "Kai dai ka tsaya nan." Ya bi layin nan kaf yana yi wa abokansa ihu, kowa ya buɗe tasa sai ya leƙa. Talatin da ɗaya ya tara min. Wani ya ce Dogo ya koma ɗan aiken 'yan boko, ya ce eh, digiri zai yi.

Muka zauna da sirinji muna tsotse ruwan ƙululun ɗaya bayan ɗaya, a ciki sel ɗin suke. Awa biyu ba ta ce da ni komai ba sai "miƙo" da "karɓa". Ni hakan ma ya ishe ni.

Alhamis, 13, tara na safe

Ruwan da sel ke ciki ya yi rawaya ya gurɓace. Ƙwayoyin cuta sun shiga, duka farantan. Kwana biyu sun tafi. Na gode Allah ba mu taɓa homon ba tukuna.

Ba ta ce laifina ne ba. Ba ta kuma ce ba laifina ba ne.

Juma'a, 14, biyu na rana

Mayanka kuma. Dogo ya ce, "Likita, na baya sun ƙone ne a kasko?" Yau na yi dariya. Ashirin da shida ya tara min.

Na goge komai da barasar goge kaya har hannuna ya yi fari.

Lahadi, 16, shida na yamma

Sel sun manne, sun baje, ruwa garau. Na je na leƙa su sau biyu duk da ba ranar aiki ba ce. Auta ta ce, "Baba, ko Mama ba ka leƙawa haka." Uwar yara ta yi wannan sautin da ya zama dariyarta yanzu. Na ce ku haɗu ku cinye ni.

Ta taka daga taga zuwa ƙofar kicin, tana dafe da bango. Taku sha ɗaya. Alhamdulillah, alhamdulillah.

Talata, 18, biyar na yamma

Ba su amsa ba.

Yadda ake yi, ana shayar da sel wani rini da ke yin haske kore in kalsiyam ya taso a cikinsu, wannan hasken shi ne amsar. Muka ja labulen ɗakin madubin ƙara girma, ta sa ido a allon, ni na ɗiga homon, ta danna agogo. Talatin. Sittin. Minti biyu. Minti biyar. Allon nan baƙi ƙirin.

Ta cire agogon daga wuyanta ta ajiye. Ta ce, "Shekara huɗu, Baba. Mahaifina ya riga ya gaya wa duk unguwa." Ta ce ashe duk hasken da ta gani 'yan kwantattun homon ne suka shige ciki. Ta ce abubuwa biyu uku a kaina da ba zan rubuta ba, don na san ba za ta so a ajiye su ba.

Na bar ta ta gama. Amma raina bai kwanta da baƙin nan ba. Sel mai rai ko ba a taɓa shi ba yana ɗan ƙyalli. Na ce ta bari in ɗiga sinadarin gwaji, wanda ko wane sel in dai yana numfashi sai ya haska masa. Ta ce in yi abin da na ga dama. Na ɗiga.

Baƙi ƙirin.

Wallahi ban taɓa murnar ganin abu ya lalace ba sai yau. Na ce, "Rinin ne! Rinin ne ya mutu, 'yar nan, ba aikinki ba!" Ta dube ni, ta dubi allon, ta fashe da kuka tana dariya. Ba a ce eh ba, amma ba a ce a'a ba.

Saura gwaji ɗaya a bututun.

Laraba, 19, sha ɗaya na safe

Farfesa ta haura bene na uku da ƙafarta mai ciwo, wurin mutumin da suka shekara shida ba sa ga maciji, ta roƙo rini. Ta dawo tana haki ta dangwarar da shi. "Har shayi ya ba ni, na sha. Ku san abin da kuka ja min."

Alhamis, 20, ɗaya na rana

Ruwan sama tun asuba, shanu kaɗan aka kawo. Dogo ya samo tara kacal. Ya ga fuskata, ya karɓi fulas ɗin, ya hau babur cikin ruwan nan ya tafi ƙaramar mayankar da ke bayan gada. Minti arba'in ya dawo sharkaf, fulas a cikin rigarsa don kada ya huce. Sha huɗu ya ƙaro. Na fara godiya ya ce, "Tafi, Likita, agogonka na gudu."

Da muna tsotsa Mai Agogo ta ce, ba ta ɗago ba, "Baba, abin da na faɗa ran Talata." Na ce ban ji komai ba, kunnena ya tsufa. Ta ce, "Ranar da ka bar bututun, ranar da Mama ta faɗi ce ko?" Na ce ranar ce. Ta ce, "Ni na sa shi a firij. Na ga babu baƙin gawayi a gindinsa, na ce ai Baba ya tace. Ban tambaya ba."

Muka ci gaba da aiki.

Asabar, 22

Ruwa garau.

Lahadi, 23

Ruwa garau. Ban iya cin abinci ba. Uwar yara ta tura min farantinta.

Litinin, 24, huɗu na yamma

Mun fara da sinadarin gwaji a faranti ɗaya: kore shar, rini yana da rai. Muka ɗiga furotin shi kaɗai ba homon: shiru, yadda ya kamata. Saura na ƙarshe. Na ce ta ɗiga da kanta ni in riƙe agogo. Ta ce a'a, kowa ya yi aikinsa.

Na ɗiga. Goma. Ashirin. Talatin, inda da can yake tashi, ba komai. Talatin da biyar.

Talatin da takwas, wani sel a gefen hagu ya haska. Sai na kusa da shi. Sai wasu can ƙasa. Ba kamar da ba, da can allon gaba ɗaya ke kamawa. Yanzu jefi-jefi ne, hasken ma bai kai rabi ba. Amma ga shi nan, da homon da na wanke da hannuna sau biyu, wanda ba shi da hanyar shiga. Faranti huɗu, duka huɗun sun amsa ƙasa da daƙiƙa arba'in da biyar.

Ba wanda ya yi ihu. Ta ce, "Ya ragu." Na ce, "Ya ragu." Ta ce, "Amma a ƙofa aka ji."

Na fita bayan gini na zauna a kan bulo na gode wa Allah yadda na iya.

Laraba, 26, shida na yamma

Tana sake rubuta babin. Manyan maganganun duk sun fita. Inda ta ce "ya tabbata" yanzu "akwai alama mai ƙarfi". Tsohon sakamako da sabo ta jera su gefe da gefe, da bayanin abin da ya faru. Ko wannan ya isa digiri, Farfesa ta ce ba ta sani ba, baƙon ba ya da wasa.

Na ce ta cire maganar hannun nan daga shafin godiya. Ta ce ta riga ta cire.

Juma'a, 28, bakwai na yamma

Na zauna a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa. Baƙon wani siririn dattijo ne, tabarau a kan hanci. Awa biyu yana juya ta. Da suka iso babi na huɗu ya cire tabaran ya ce, "Na karanta na farko, na karanta na biyu. Na farkon ya fi daɗin karatu. Na biyun ne na yarda da shi." Sannan ya ce, "Amma ki gaya min, ta yaya aka yi homon bai ga gawayi ba tun farko?"

Ta ce, "Aikina ne in duba, ban duba ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Ni na rubuta wankakke ban wanke ba."

Farfesa ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, zauna, ba kai ake wa jarrabawa ba." Aka yi dariya. Baƙon bai yi ba. Ya dube ni ta saman hanci, ya rubuta wani abu, ya wuce babi na biyar.

Aka fitar da mu baranda. Minti hamsin da biyu, ita ta ƙidaya. Aka kira ta ita kaɗai. Na tsaya ina kallon ƙofar, na karanta duk abin da na haddace.

Ta fito ta zo ta tsaya a gabana. Ta ci, da gyare-gyare na mako biyu. Na tsaya ina kallonta. Ta ce, "Haba Baba, ka ce wani abu mana."

Na ce, "Dakta." Sai da na faɗa sau uku kafin ya fito.